Mace a Dandamali: Wa Ke Shan Wuya, Wa Ke Karɓar Kuɗi?

A watan Oktoba na 2024 gidan opera na birnin Stuttgart a Jamus ya nuna wani wasa mai suna Sancta, wanda Florentina Holzinger, mai tsara rawa 'yar ƙasar Ostiriya, ta shirya. A nuni biyun farko kaɗai mutum 18 daga cikin 'yan kallo suka nemi agajin ma'aikatan lafiya, yawancinsu saboda tashin zuciya, uku daga ciki sai da aka kira musu likita. Ba a ɓoye wa kowa abin da zai tarar ba, domin an rubuta gargaɗi, an kuma hana wanda bai kai shekara 18 ba shiga. A dandamalin akwai mata tsirara, akwai jini na gaske, akwai huda fata ana haska wurin a babban allo, duk a cikin wani tsari da ke kwaikwayon ibadar cocin Katolika an juya ta baibai. Tun lokacin da aka nuna wasan a Vienna wasu manyan limaman cocin suka yi tir da shi. Da labarin ya bazu a duniya, sauran tikitin ya ƙare ƙarƙaf.

Holzinger da masu goyon bayanta suna cewa aikin na 'yantar da mata ne. Jikin da aka daɗe ana gindaya wa dokoki, a rufe shi ko a buɗe shi yadda maza suka ga dama, yau ya dawo hannun masu shi. Ban raina wannan magana ba, domin tana da tarihi, kuma matan da suka fara ta sun ɗanɗana kuɗarsu. Amma abin da ya zaga duniya daga Stuttgart shi ne adadin waɗanda ciki ya juya wa. Jaridu kaɗan ne suka tsaya tambayar me matan suke son faɗa. Ciwon da ke cin rawar zamani da fasahar nuna jiki a Turai da Amurka ke nan: kasuwar kallo ta gano cewa wahalar mace tana sayuwa, ko da macen ce da kanta ta kawo ta da sunan gwagwarmaya.

Sai an waiwaya baya za a gane abin da matan nan suke yi wa tawaye. A rawar bale ta Turawa, wadda ta yi tashe a ƙarni na 19, mace ce tauraruwa, amma kusan kullum namiji ne ke tsara mata taku, shi ke ɗaga ta sama, shi ke da gidan wasan. Shahararren wasan Giselle, wanda aka fara nunawa a Paris a 1841, labarin 'yar ƙauye ce da wani ɗan sarauta ya yaudara, ta haukace ta mutu, sannan fatalwarta ta dawo ta yafe masa har ta cece shi daga halaka. An yi shekara da shekaru ana tafa wa wannan. Macen kirki a wannan dandamali ita ce wadda ta iya mutuwa cikin kyan gani, ba ta bar wa kowa laifi ba.

A 1964, a birnin Kyoto na Japan, Yoko Ono ta hau dandamali sanye da mafi kyawun kayanta, ta durƙusa, ta ajiye almakashi a gabanta. Aka sanar da jama'a cewa duk mai so ya hau ya yanki ƙyalle daga jikinta ya tafi da shi. Shi ke nan wasan. Da ta maimaita shi a New York a 1965 an ɗauki hoton fim, kuma yana nan har yau. Da farko mutane suna hawa a kunyace, kowa ya ɗan tsinki bakin hannun riga ko gefen siket ya sauka da sauri. Can sai wani saurayi ya hau yana murmushi, ya tsaya ya daɗe, ya yanke gaban rigarta ta ciki, ya datse igiyoyin kafaɗa. Ono ba ta ce uffan ba. Ta ɗaga hannuwa biyu ta rufe ƙirjinta, idonta na kallon gaba, ana jin gunagunin wasu 'yan kallo. Duk wanda ya kalli wannan fim zai ga cewa saurayin ne ya tozarta, kuma shi ya tozarta kansa da hannunsa, a bainar jama'a. Ita Ono ta fi danganta aikin da kyauta da neman zaman lafiya, kuma da wannan niyya ta sake yin sa a Paris a 2003 tana da shekara 70, amma matan da suka biyo bayanta sun karanta wani darasi a ciki.

Shekara goma bayan Kyoto, Marina Abramović ta kai abin ƙarshe a birnin Naples na Italiya. Ta jera abubuwa 72 a kan tebur: fure, gashin tsuntsu, zuma, inabi, turare, da kuma bulala, wuƙa, reza, bindiga da harsashi ɗaya. Ta bar takarda cewa na tsawon awa 6 kowa ya yi mata abin da ya ga dama, alhaki a wuyanta. Da farko an ba ta fure, an sumbace ta. Da dare ya raba sai aka yayyaga mata kaya, aka soka mata ƙaya, aka yanke ta a wuya. Wani ya ɗura harsashin ya ɗora mata bindigar, har rigima ta kaure tsakanin masu cutar da ita da masu kare ta. Da lokaci ya cika ta motsa ta nufo su, sai suka watse, ba mai iya haɗa ido da ita. Abramović ta sha faɗa cewa ita ba mai fafutukar mata ba ce, amma abin da ta tona a daren nan ya fi jawabi dubu. Waɗanda suka yi wannan aika-aika masu zuwa gidan baje kolin zane ne, mutanen da ake kira wayayyu. Abin da suke jira kawai shi ne a ce musu ba za a tambaye su ba.

Ƙarfin waɗannan ayyuka biyu wuri ɗaya yake. Mai kallo ya shigo yana zaton shi ne alƙali, ya fita ya gane shi ake tuhuma. Tsiraicin da ya auku aikin hannunsa ne, kuma ya san haka.

Wata hanyar kuma ita ce ta hana ido abincinsa gaba ɗaya. Yvonne Rainer, ɗaya daga cikin matasan da suka riƙa haɗuwa suna rawa a cocin Judson da ke New York a farkon shekarun 1960, ta fitar da 'yar gajeriyar sanarwa a 1965 tana ƙin burga, da nuna gwaninta, da jan hankalin mai kallo da kwarkwasa. A 1966 ta nuna rawarta Trio A, wadda ba ta kai minti biyar ba. Babu tashi babu sauka, kowane motsi nauyinsa ɗaya da na kusa da shi, kamar mai aikin gida. Duk sa'ad da jikin mai rawar ya fuskanci jama'a sai ta kawar da kai ko ta rufe ido. Da yawa sun ce abin gundura ne, kuma lallai ba rawar cika zaure ba ce. Ita kanta Rainer ta sassauta wasu sharuɗɗan nata daga baya. Amma ta kafa hujja cewa mace na iya tsayawa a gaban mutane tana aiki da jikinta ba tare da ta roƙi yardar kowa ba.

Abin da ya sami rawar Anne Teresa De Keersmaeker ya fi komai nuna yadda kasuwa ke aiki. A 1983, wannan 'yar Beljiyam ta shirya Rosas danst Rosas. Mata huɗu ne cikin riguna masu faɗi marasa ado, a kan kujerun katako. Su sa hannu cikin gashi, su saki kai ƙasa, su dunƙule hannu a ciki, su zame riga daga kafaɗa sannan su mayar. Sai su sake. Sai su sake, da sauri da ƙarfi, har numfashinsu ya zama wani ɓangare na kiɗan, har zame rigar nan ya daina zama kwarkwasa ya koma aikin dole mai gajiyarwa, irin wanda ake sa mace ta yi kullum. A 2011 Beyoncé ta fitar da bidiyon wata waƙarta ɗauke da waɗannan motsi kusan ɗaya bayan ɗaya, har da kamannin wurin. De Keersmaeker ta kira abin satar fasaha, ta kuma lura cewa motsin da a da ake gani a matsayin tsayuwar mata ya koma abin jan sha'awa na nishaɗi. Ba a canza takun ba. An gajarta shi, an cire gajiyar, an sa mai rawar ta kalli kyamara. Shekara uku bayan haka Beyoncé ta tsaya a dandamalin bikin MTV, bayanta ƙaton allo ɗauke da kalmar da ke shelanta ta a matsayin mai fafutukar mata. Ba na shakkar cewa 'yan mata da yawa sun sami ƙwarin gwiwa a daren. Sai dai fafutukar da ta isa wannan dandamali an riga an tace mata duk abin da zai hana ta sayuwa.

Mafi ɗacin labarin kuwa ita Abramović ce a tsakiyarsa. A 2010 ta zauna shiru a gidan tarihin MoMA na New York sama da awa 700, mutane fiye da 1,500 suka zauna gabanta ɗaya bayan ɗaya, ta fito daga nan tauraruwar duniya. A watan Nuwamba na 2011 gidan tarihin MOCA na Los Angeles ya ba ta shirya liyafar tara kuɗi ta attajirai. Sai ta ɗauki matasan 'yan rawa da 'yan wasa, aka durƙusar da su a ƙarƙashin teburan cin abinci, kawunansu sun leƙo ta rami a tsakiyar tebur suna juyawa a hankali. Wasu mata kuma aka kwantar da su tsirara a kan tebur, an ɗora musu ƙwarangwal na roba, baƙi na ci suna sha. Wata mai rawa, Sara Wookey, ta je gwaji ta ƙi aikin, ta kuma rubuta wasiƙa ta fallasa sharuɗɗan: kusan awa huɗu a kwance ba magana, awa 15 na atisaye, umarnin ka da ta kula ko an taɓa ta ko an gaya mata baƙar magana, yarjejeniyar kame baki, ladan duka dala 150. Liyafar ta tara sama da dala miliyan 2. Yvonne Rainer ta rubuta wa shugaban gidan tarihin wasiƙar Allah-wadai. Hausawa sun daɗe da sanin wannan ciniki, shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A Naples Abramović jikinta ta sa a haɗari, shi ya sa duniya ta saurare ta. A Los Angeles jikin 'ya'yan wasu ta shimfiɗa, masu neman kuɗin haya.

Inda kuma namiji ne gardin, abin ya fi muni. A 2018 mutum 20 da suka taɓa aiki da Jan Fabre, shahararren mai tsara wasa a Antwerp, wanda aka sani da kai 'yan rawa iyakar abin da jiki zai ɗauka, suka fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa kan wulaƙanci da neman lalata a kamfaninsa. A watan Afrilu na 2022 kotu ta same shi da laifi, ta yanke masa ɗaurin wata 18 na jeka-ka-gyara-halinka. Shekaru masu yawa duk mai rawar da ta ce a'a a irin waɗannan kamfanoni ana ce mata ba ta da zuciyar fasaha, ko ba ta waye ba. Kalmomin 'yanci da ƙetare iyaka su ne mayafin da aka lulluɓe cutar da shi.

Dole a yi wa Holzinger adalci a nan, domin ba Fabre ba ce. Ita ce shugaba, tana hawa dandamalin da kanta, kuma ƙungiyarta mata ne masu jiki iri-iri da shekaru iri-iri, da masu wasan lilo a sama, da masu hawa babur, da masu haɗiye takobi. A wasanta Tanz na 2019 ta sa Beatrice Cordua, tsohuwar 'yar bale da ta kusa shekara 80, a matsayin malama, ta nuna yadda horon bale kansa yake azabtar da jikin yarinya a ɓoye, a ƙarƙashin fararen kaya. Wannan magana ce ta gaskiya kuma ta faɗe ta da ƙarfi. Inda na rabu da ita shi ne wurin da mai kallo yake zaune. A zauren Stuttgart ba wanda aka miƙa wa almakashi. Ya biya kuɗi, ya zauna cikin duhu, ya ga jini, cikinsa ya juya ko bai juya ba, ya koma gida da labarin da zai ba abokai. Ba a kama shi da laifin komai ba. Kuma hanyar girgiza mutane tana da doka mai tsauri: abin da ya girgiza bana ba zai girgiza baɗi ba, sai an ƙara. Ƙarin nan daga fatar wata mace za a yanke shi. Ko ta yarda da bakinta, ina so a tambayi me zai sami wadda ta ƙi, a sana'ar da masu neman aiki suka ninka guraben sau da yawa.

Ga baƙar mace lissafin ya fi haka nauyi, domin ita an riga an sa ta a kasuwar kallo tun kafin a tambaye ta. An kai Sarah Baartman daga kudancin Afirka zuwa Landan a 1810, ana karɓar kuɗi a nuna ƙirar jikinta. Ta rasu a Paris a 1815, masanin halittu Georges Cuvier ya feɗe gawarta, aka ci gaba da nuna sassanta a gidan tarihi har shekarun 1970. Sai a 2002 aka mayar da ita gida aka binne ta. Josephine Baker ta yi suna a Paris a 1926 da siket na ayaba, kuma duk da aikin da ta yi wa Faransa a yaƙin duniya na biyu, wannan siket shi ne hoton da aka fi tuna ta da shi. Saboda haka idan 'yar rawa daga Johannesburg ko Dakar ta hau dandamalin Turai, inda mafi yawan kuɗin bukukuwan rawar zamani suke, ta san cewa tuɓewa a wurinta ba sabon abu ba ne ga idon da ke kallon ta. Nelisiwe Xaba ta Afirka ta Kudu ta yi ayyuka a kan Baartman da wannan sani a ranta.

Waɗanda suka fi burge ni su ne waɗanda suka canza labarin kansa. Dada Masilo, wadda ta rasu a watan Disamba na 2024 tana da shekara 39, ta sake gina Giselle a 2017 a ƙauyen Afirka ta Kudu. Da askakken kanta ta taka rawar, kuma tata Giselle ɗin ba ta yafe ba, da bulala ta dawo wa mayaudarin. Germaine Acogny, wadda ta kafa makarantar rawa ta École des Sables a Toubab Dialaw da ke gaɓar tekun Senegal, ta ci gaba da rawa bayan ta haura shekara 70, aka ba ta lambar Zakin Zinariya ta Venice a 2021. Tsohuwa ce mai nauyin taku, ba ta nuna komai sai iko da jikinta, zauren kuma ya yi tsit.

Ba cewa nake yi a guji abin da ke ɗaga hankali ba. A watan Yuli na 2003 Regina José Galindo ta fito a birnin Guatemala cikin baƙar riga, ɗauke da farar tasa cike da jinin mutum. Ta riƙa tsoma ƙafafunta a ciki tana tafiya ba takalmi, daga kotun tsarin mulki zuwa fadar ƙasa, tana barin jan sawu a kan titi. Dalili shi ne kotun ta ba Janar Efraín Ríos Montt damar tsayawa takarar shugaban ƙasa, mutumin da aka yi wa 'yan asalin ƙasar kisan kiyashi a zamanin mulkinsa. Jini ne a nan ma, amma sawun ya tashi daga wata ƙofa ya nufi wata ƙofa, kowa ya san wa ake nufi. Haka a watan Nuwamba na 2019, mata huɗu na ƙungiyar LasTesis a Valparaíso ta ƙasar Chile suka tsara wata gajeriyar rawa da waƙa kan fyaɗe. Mata su jeru a titi, idanu a ɗaure da baƙin ƙyalle, su tsuguna su tashi kamar yadda 'yan sanda ke tilasta wa matan da aka kama, sannan su miƙa yatsa zuwa ga kotu da ofishin 'yan sanda. Cikin 'yan makonni ta isa Mexico, da Paris, da Nairobi. A Santiago dubban mata manya suka yi ta a gaban babban filin wasa, inda aka azabtar da mutane a 1973. A Istanbul 'yan sanda suka tarwatsa masu yin ta, sai 'yan majalisa mata na adawa suka rera ta a cikin zauren majalisar ƙasar. Ba tikiti, ba tauraruwa, ba wadda aka yanka, kuma hukuma ta ji zafinta.

Wani zai ce duk wannan rigimar Turawa ce. Tsiraicin dandamali kam nasu ne, ba shi da wuri a tarbiyyarmu. Amma tambayar wa ke kallo tamu ce tun fil azal. Kiɗan amada na mata ne, a cikin gida, ƙwarya a kife a kan ruwa, kuma a nan ne marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa da irinta suka riƙa faɗa wa mata su kama sana'a, suka riƙa taɓa maganar kishiya da ta miji ba tsoro. Matar aure mai 'ya'ya biyar tana iya tashi ta taka rawa son ranta a wannan fili, domin ta san idanun da ke wurin. Yau a kowane ɗakin biki akwai wayoyi a sama, kuma kafin a watse rawar da ta yi don 'yan'uwanta mata ta isa TikTok, maza baƙi suna yi mata sharhi. A Kannywood kuwa rawa da waƙa sun daɗe suna sayar da fim, amma idan ƙura ta tashi mace ake fara nunawa da yatsa, kamar yadda ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau a 2016 saboda bidiyon waƙa. Mai cin riba da rawarta da mai hukunta ta a kai, duk cikinsu ba wanda ya saba tambayar ta ra'ayinta.

Don haka roƙona ga masu ɗaga waya a taron mata shi ne su nemi izinin wadda ke tsakiyar fili kafin su ɗauka, idan ta ce a'a su mayar da wayar jaka. Masu shirya fim da bidiyon waƙa kuma su rubuta wa 'yan rawa yarjejeniya, a faɗi ladansu, a faɗi abin da za a nuna, a kuma rubuta ƙarara cewa wadda ta ƙi wani motsi ba za ta rasa aikinta ba.